Ɗaga mota domin hanyar rairayi: rayukan ƴan kasuwa na bisa mariƙan sifirin

Duk wanda ya san kudancin jahar Damagaram ya san cewa ɗaya daga cikin kwaltocin da aka daɗe ana dogara da su ita ce hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta taso daga birnin Damagaram ta ratsa Bande da Magarya har iyakar Najeriya. Da zarar mota ta sauka daga wannan kwalta ta nufi ƙauyukan Ɗanciyau, ko Malawa, ko Gushi, ko Dogo-Dogo, to ta shiga ƙasar rairayi. Da rani ƙafafu su nutse, da damina kuma fadamun kwarin Korama su cika, hanya ta koma taɓo.

Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, bayan an cire ta daga gundumar Magarya. A shekarar 2022 Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince da ba da kuɗin aikin hanya mai tsawon kilomita 110, daga Hamdara zuwa Waca da Dungas har bakin iyaka. Amma ko wace irin kwalta aka shimfiɗa, ba za ta bi ƙofar kowane ƙauye ba. Riɗi da wake da rake da dabbobi, sai an ɗauko su daga inda suke a kai su kasuwa, har da babbar kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a jahar Jigawa. Maras lafiya da mai naƙuda su ma sai an kai su asibiti. Wannan aiki duka yana wuyan motocin daji, irin su Land Cruiser da Hilux da tsofaffin Land Rover.

Dalilin ɗaga mota

Inda motoci suka yawaita bi, rairayi yakan rame gefe biyu, ya bar doro a tsakiya. Mota mai kaya idan ta zauna ƙasa, cikinta ya hau doron nan, ƙafafu su yi ta juyawa a banza. Domin haka masu motoci ke zuwa garaji su ce a ɗaga masu.

Akwai abin da ya kamata mai mota ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Ɗagawa tana nisanta shasi ne daga ƙasa, watau ƙashin bayan motar, tare da jikin da ke bisansa. Aksul kuwa, ƙarfen nan da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, yana nan inda yake, shi da tulun da ke tsakiyarsa. Babu abin da ke ɗaga su sai taya mai tsawo. Amfanin ɗagawa shi ne a sami wurin sa babbar taya, kuma jiki ya daina zama bisa ƙafafu idan an yi lodi. Nauyin da kamfani ya yanka wa motar, wanda ke rubuce a takardarta, ba ya ƙaruwa ko da kilo ɗaya, domin birki da aksul da shasi duk na da ne.

Yadda sifirin ke riƙe da mota

Galibin motocin nan suna zaune ne bisa sifirin mai falle-falle, wanda makanikai ke ce ma lam. Land Rover ta fito da shi tun 1948, sai a 1983 kamfanin ya fito da samfurin 110 mai sifirin naɗaɗɗe. Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ta zo da lam gaba da baya, kuma a 1999 aka sauya na gaba, aka bar na baya domin ɗaukar kaya.

A ƙafafun baya, kowane sifirin yana haɗe da shasi a wuri biyu. Kansa na gaba yana cikin mariƙi kafaffe, wanda ba ya motsi. Kansa na baya yana rataye da wasu ƙarafa biyu masu lilo, su kuma suna rataye da mariƙi na biyu. Hikimar lilon ita ce, sifirin lanƙwasasshe ne kamar baka. Idan kaya ya danne shi sai ya miƙe, tsawonsa ya ƙaru, lilon ya ja baya ya ba shi wuri. Ke nan mariƙai huɗu ne ke ɗauke da bayan mota, kowane bai fi tafin hannu biyu ba. Nauyin buhuna da fasinja, da turin inji, da fizgar birki, duk ta cikinsu suke bi. Idan na gaba ya ɓalle ana cikin gudu, aksul ya zame gefe guda, sitiyari ba ya da sauran iko.

Hanyoyin ɗagawa iri-iri ne. Wasu suna ƙara falle, wasu suna ƙara wa sifirin lanƙwasa, wasu suna tsawaita lilo. Tsawaita lilo ribarsa rabi ce, domin kai ɗaya kawai ya sauka: ƙarin santimita 10 ba ya ba da fiye da kimanin santimita 5. Hanya mafi nauyi ita ce a yanke tsofaffin mariƙai a ɗaura sababbi a ƙasa da inda suke, ko a gusa su domin sa sifirin mai tsawo da aka ciro daga wata mota. A nan ne aikin ya koma hannun mai walda.

Awo kafin wuta

Gwanayen sana'ar suna ɓata lokaci wurin awo fiye da wurin walda. Da farko a sa motar a daɓe mai daidai, ba a cikin rairayi ba, a tallabe shasi da matokarai masu ƙarfi. Kafin a yanke kome, a yi alama a shasi gefe biyu, a wuri ɗaya daidai, a rubuta nisan da ke tsakanin alamar da tsakiyar aksul.

Idan an kawo sababbin mariƙai, a ɗana su da ɗigon walda kaɗan, wanda ake iya fasawa idan an ga kuskure. Sa'an nan a auna abu uku. Na ɗaya, nisan ƙafar gaba da ta baya ya zama ɗaya a dama da hagu. Na biyu, a gicciya awo, daga mariƙin gaba na dama zuwa na baya na hagu, sa'an nan a juya. Idan biyun suka yi daidai, aikin bai karkace ba. Na uku, a sauke motar ta zauna bisa ƙafafunta, a duba lilo. Ya kamata ƙasansa ya ɗan karkata baya. Idan ya kwanta da yawa, da an yi lodi zai manne da shasi, sifirin ya rasa wurin miƙewa, duk bugun hanya ya koma kan walda. Idan kuwa ya karkata gaba, yana iya juyewa a wurin tsalle ya maƙale.

Kuskuren santimita ɗaya a gefe guda ya isa ya sa mota tafiya a karkace. Direba ya yi ta kokawa da sitiyari, tayoyi kuma su cinye gefe ɗaya.

Walda bisa shasi

Ƙarfen shasin ƙananan motoci bai cika wuce milimita 3 zuwa 4 ba, alhali mariƙi ana yanka shi daga ƙarfe mai kaurin milimita 6 ko fiye. Wuta mai yawa ta huda siririn, wuta kaɗan kuma ta kasa narkar da mai kaurin. Waldar da ba ta shiga ba takan zauna a sama kamar an yaɓa, ido ya ga ta yi kyau, alhali ba ta kama kome ba.

Kafin a kunna inji, a cire wayar batir, a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin aiki, a kare tankin mai da bututunsa, a sauke duk jarkar da ke cikin motar. A gurje fenti da tsatsa har sai ƙarfe ya yi fari. Shasin da tsatsa ta ci ya yi laushi, ba a ɗaura masa mariƙi sai an gyara shi.

Sandar walda da ta fi yawa a kasuwa ita ce mai lamba 6013, wadda ta dace da ƙofofi da tagogi da gadaje. Ga wurin da ke shan girgiza dare da rana, mai lamba 7018 ta fi ta juriya. Sai dai tana da sharaɗi biyu: ba ta son laima, domin haka da damina a ajiye ta a rufe a wuri busasshe, kuma ƙananan injuna da wutar da ba ta da ƙarfi ba su cika riƙe ta ba. Sanda mai kaurin milimita 3.2 tana bukatar kimanin amfiya 100 zuwa 130. Ranar da wuta ke rawa, gara a dakata.

A ja walda ta bi tsawon shasi. Waldar da ta gitta shi daga sama zuwa ƙasa, ko ta ratsa leɓensa, tana zama layin da tsagewa za ta bi. Inda ake son ƙarfi, a sa faranti mai sirantattun baki biyu a ƙarƙashin mariƙin domin ya raba nauyi, a kuma tokare mariƙi mai tsawo da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku. A yi waldar guntu-guntu, ana sauya gefe, kada zafi ya taru wuri ɗaya ya murɗe shasi. A kakkaɓe ɓawon kowane layi kafin a ɗora wani. Idan an gama, a bar ƙarfe ya huce da kansa. Zuba masa ruwa yana sa shi gautsi. Fallen sifirin kuwa ba a yi masa walda ko kaɗan, domin zafi yana kashe ƙarfinsa. Wanda ya karye, sauya shi ake yi.

Abin da ɗagawa ke jawowa

Idan an ɗaga mota fiye da kimanin santimita 5, sauran kayan da ke tsakanin shasi da aksul sukan gaza. Tiyon birki shi ne farko: a ɗaga shasi da jak har ƙafafu su yi reto, a duba ko ya ɗame, idan ya ɗame, a sa mai tsawo. Shokazoba ita ma a sa wadda ta kai, a kuma ɗaura mariƙinta inda ba za ta ƙure ba a sama ko a ƙasa, in ba haka ba ita ce za ta fizge waldar. Farfela, wadda ke kai juyin inji zuwa ƙafafu, tana ƙara karkata, mahaɗanta su riƙa lalacewa da wuri. Notuna su zama masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, a kuma sake ɗaure masu riƙe sifirin da aksul bayan tafiya ta farko da ta biyu.

Bugu da ƙari, mota mai tsawo ta fi saurin kifewa. Idan aka haɗa ɗagawa da lodin da ya zarce rufi, da fasinja a bisa buhuna, gangaren tudu ɗaya ko kwana ɗaya da gudu ya isa.

Kira ga jama'a da mahukunta

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar walda ba ta zuwa rana ɗaya. Takan fara kamar zare a bakin layi, jar tsatsa tana fitowa daga cikinta. Direba ko yaron mota da ke leƙa mariƙai da fitila kowace ranar kasuwa kafin lodi zai gan ta tun tana ƙarama, lokacin da gyaranta bai wuce aikin rabin yini ba.

Mai mota kada ya matsa wa mai walda da gaggawa domin kasuwar gobe, kuma kada ya zaɓi aiki domin araha kawai. Shugabannin tasha suna da ikon hana lodi ga motar da mariƙinta ya tsage. Magadan gari da shugabannin cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi suna iya haɗa masu walda na Magarya da Dungas da malaman sana'a, ko da na ƴan kwanaki ne, a kan awo da zaɓen sanda da daidaita wuta. Ma'aikatan lafiya da na ayyukan gona da ke kai motocin hukuma garaji su ma su nemi a nuna masu awon kafin a rufe walda, domin irin waɗannan motoci ne ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.