Ginin da Aka Yi Domin Murya

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa, makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali. A Italiya ya faro wajen shekarar 1600, zamanin da babu lasifika, don haka dole ginin da kansa ya ɗauki muryar mawaƙi ya kai ta kunnen wanda ke zaune can ƙurya. Wannan ya fi burge ni a kan duk ruwan zinaren da ake shafe gidajen opera da shi.

Gidan La Scala na birnin Milan, wanda aka buɗe a 1778, zaurensa lanƙwashe yake kamar kofaton doki, ƙananan ɗakunan 'yan kallo sun hau kan juna hawa-hawa a jikin bango. Kowa na kusa da mawaƙi, murya ba ta ɓata a hanya. Na Faris, wanda Charles Garnier ya zana aka buɗe a 1875, an fi zancen matakalarsa ta marmara, inda masu hali ke hawa a ga tufafinsu. A idona adon ya yi yawa.

Na Sidni a Ostareliya shi ne kowa ya sani a hoto, mai fararen rufi da aka lulluɓe da tayil sama da miliyan ɗaya. Jørn Utzon, ɗan Denmark, ya ci gasar zanensa a 1957. An ƙiyasta dalar Ostareliya miliyan 7, aikin ya lashe miliyan 102. Utzon ya saɓa da gwamnati ya ajiye aikin a 1966, aka buɗe ginin a 1973 ba ya nan, bai kuma taɓa komawa ya gan shi ba. Duk da kyan nan, makaɗa sun shekara da shekaru suna kukan ba sa jin junansu sosai a babban zauren, sai da aka yi masa gagarumin gyara da aka kammala a 2022.

Mu ma muna da magina da suka iya rufe fili mai faɗi. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu da tubali da azara kawai. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai a riƙa jera ta tana fitowa kaɗan-kaɗan daga bango, ana ɗaurewa ana yaɓewa, har ɓangarorin su haɗu a sama su zama bakan gizo. Duk wanda ya taɓa zama a tsohon soro ya san yadda magana ke fita a cikinsa: ba ta amsa-kuwwa irin ta ɗakin siminti da kwano, ga sanyi ko a tsakiyar bazara.

A Samaru ma, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai gidan wasan kwaikwayo na ginin ƙasa da Steven Ehrlich, wani Ba'amurke, ya zana a tsakiyar shekarun 1970. Tsarin gidan Bahaushe ya ɗauko: zagayayyun ɗakuna kewaye da tsakar gida, wasa a tsakiya, ko a juya shi zuwa bakin ɗaya daga ɗakunan. Ɗalibai da dama da suka yi suna a harkar wasa a nan suka koyi ɗaga murya.

Mu a Gaya da Ajingi dandali muke da shi. A nan yara ke tashe da azumi, a nan ake dambe bayan girbi, a nan makaɗan biki ke zama. Yanzu kuwa da taro ya tashi sai a kafa kanofi, a tayar da janareto, a ƙure lasifika har kalangu da muryar mawaƙi su cakuɗe, tsofaffi su tashi su bar wurin. Abin yana damuna. Ina son in ga an yi ko da guda ɗaya irin na Samaru a nan gabashin Kano: katangar ƙasa mai kauri a zagaye, dakali hawa uku ko huɗu, soro ɗaya na shiga. Ƙasar gini muna da ita, akwai kuma sauran tsofaffin maginan da suka iya irin wancan ɗaurin azara. Abin da zai buƙata bayan haka shi ne yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, da wanda zai ɗauki nauyin yin sa.