Yaye a Rana Ɗaya: Illarsa ga Lafiyar Yaro da Shaƙuwarsa da Uwa

A gidaje da dama, yaye na nufin a wayi gari a kai yaro gidan kakarsa, ya yi mako ɗaya ko biyu bai sa uwarsa a ido ba. Wasu kuma sukan shafa wa nono abu mai ɗaci don ya ƙi kamawa. Ba don mugunta ake yi ba, amma yaron yana rasa abu biyu lokaci guda: abincin da ya saba da shi, da wadda hankalinsa ke kwanciya a jikinta.

Tun daga wajen wata 8 yaro ke fara ƙiwa, kuma tsoron rabuwa da uwa yakan yi ƙarfi tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da aka fi yin yaye. Yaro mai wannan shekaru bai san uwarsa za ta dawo ba. Shi ya sa yake kwana kuka, ya ƙi cin abinci, ya rame. Idan gudawa ta biyo baya, tamowa na iya shiga cikin 'yan makonni. Sunan cutar kwashiyoko ma daga harshen Ga na ƙasar Ghana ya fito, inda ake nufin ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2 ko fiye. Idan lokacin yaye ya yi, a rage shayarwa sau ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, a fara da ta rana, ta dare ta zo ƙarshe. A maye gurbinta da kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kifi da ganyen zogale. Yaron ya ci gaba da kwana kusa da uwarsa, uba kuma ya riƙa ɗaukarsa yana ba shi abinci da hannunsa. Kaka tana da amfani sosai a nan, sai dai ya fi kyau ita ta zo gidan.

Mai shayarwar da ta samu ciki kada ta yaye da gaggawa. Nononta bai lalace ba; ta dai je awo a duba ta.

A garzaya asibiti idan ƙafafun yaron biyu sun kumbura, gashinsa ya yi ja yana zubewa, gudawa ta ƙi tsayawa, ko ya kasa ci da sha.