Waiwaye Adon Tafiya: Labarin Masu Zane Biyu da Tsofaffin Takardunsu

Mu da muka fara karatu a kan allo mun saba da wanke abin da muka rubuta da zarar darasi ya zauna, shi ya sa da wuya a samu waninmu da ya san kamannin rubutunsa na farko. Mai zane a takarda kuwa aikinsa na ƙuruciya yana nan ajiye, kuma wata rana zai buɗe akwati su yi ido biyu. Abin da zai yi a wannan rana shi ne zancenmu na yau.

Allin launi, wanda Faransawa ke kira fastel, garin launi ne da ake kwaɓawa da ɗan ƙaro, a mulmula shi kamar allin makaranta. Ba ya shiga cikin takarda kamar tawada. Garin yana maƙalewa ne a ƴan ramukan fuskar takarda, don haka launinsa ke daɗewa da haske, amma yatsa ɗaya ya isa ya ɓata shi. Idan ramukan suka cika, takarda ba ta karɓar ƙari, duk abin da aka ɗora sai ya dagule.

A ƙasar Faransa an yi wani gwanin wannan sana'a mai suna Maurice Quentin de La Tour, wanda aka haifa a garin Saint-Quentin a 1704. A 1746 majalisar masu zane ta sarki ta karɓe shi saboda hoton da ya yi wa wani mai zane, Jean Restout, kuma a 1750 ya zama mai zanen sarki. Amma mutum ne da aikinsa ba ya gamsar da shi. Bayan shekaru, da idonsa ya ƙara buɗewa, sai ya ga kurakurai a wancan hoton da ya ɗaukaka shi, ya karɓo shi domin ya gyara. Ya yi ta gogewa yana ɗorawa har hoton ya lalace. Garin neman gira aka rasa ido. Hoton yana gidan adana kayan tarihi na Louvre a birnin Paris, da tabon gyaran a jikinsa.

Ba rashin gwaninta ya jawo haka ba. La Tour ya rasu a 1788 da daraja, ya bar makarantar koyon zane ta kyauta da ya kafa a garinsu a 1782, kuma daga 1976 Faransa ta buga fuskarsa a takardar kuɗi ta faran 50. Kuskurensa ɗaya ne: ya ɗauki tsohon aikinsa a matsayin abin kunya da za a rufe, alhali ganin kuskuren shi kansa shaida ce cewa ya ƙaru.

Wani ɗan ƙasar tasu, Eugène Boudin, ya bi wata hanya. An haife shi a 1824 a Honfleur, a bakin teku, kuma mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne. Boudin yakan zauna a gaɓa da allin launinsa yana zana sararin sama da gajimare cikin sauri, kafin iska ta sauya musu kama. A gefen takarda yakan rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda iska ke kaɗawa. A 1859 mawaƙi Charles Baudelaire ya ga ɗaruruwan waɗannan takardu, ya yaba su a rubuce. Boudin ya tara su, yana komawa kansu idan zai yi babban zane, har ya rasu a 1898 ya bar dubban zane-zane. Shi ne kuma ya jawo yaro Claude Monet daga zanen barkwanci zuwa yin zane a fili, a gaban abin da ake zanawa.

Mun kawo wannan labari ne saboda abin da muke gani a gidaje. Yaro ya zana itacen gawo ko rumbun hatsi, uwa ta ƙunshe gyaɗa da takardar, ko wa ya karɓi alli ya ce bari ya gyara masa. Shi kansa yaron idan ya girma yakan yayyaga na baya don kunya. Daga nan ya rasa ma'aunin da zai gane ko gaba yake yi ko baya, kuma da yawa a nan suke karaya su bar sana'ar.

Shawararmu ga iyaye mai sauƙi ce. A rubuta kwanan wata a bayan kowane zane. A sa takarda mai santsi tsakanin ɗaya da ɗaya don kada garin ya goge, a ajiye su kwance a inda damshin damina da gara ba za su kai ba. Bayan shekara a fito da su, a jera na da kusa da na yanzu, a bar yaro ya faɗi bambancin da bakinsa. Idan ya ga kuskure, a ba shi sabuwar takarda ya gyara a can, tsohuwar kuwa a mayar da ita akwati yadda take.

Allah Ya albarkaci zuri'armu, Ya sa su fi mu. Wassalam.