Daga Catford Zuwa Mayfair: Ziyarar Bankwana Ga Gidan Abincin Le Gavroche

Masu iya magana kan ce duk abin da ya yi farko zai yi ƙarshe. Wannan magana ce ta faɗo mana a rai a watan Agustan 2023, lokacin da labari ya bazu cewa za a rufe Le Gavroche, shahararren gidan abincin nan na Faransawa da ke birnin Landan. Mun taɓa cin abinci a wurin sau ɗaya tak, shekaru da dama kafin nan, sa'ar da wani babban baƙo daga Kano ya gayyace mu. Don haka da wani abokin arziki ya samu gurbi a watan Disambar shekarar ya kuma neme mu, ba mu yi wata-wata ba.

Mun tashi daga unguwarmu ta Catford da ke kudu maso gabashin birnin, inda ƙaton gunkin kyanwar nan ke leƙen masu wucewa daga saman ƙofar kasuwa. Muka shiga jirgin ƙasa daga tashar Catford Bridge zuwa Charing Cross, daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai mu Marble Arch, sai muka taka da ƙafa zuwa gida mai lamba 43 a titin Upper Brook, cikin unguwar masu hannu da shuni ta Mayfair.

Ga mai karatu da bai san wurin ba, wasu 'yan'uwa biyu Faransawa ne, Albert Roux da ƙanensa Michel, suka buɗe shi a 1967 a titin Lower Sloane, kafin a mayar da shi Mayfair a 1981. Sunan kuwa na wani yaro ne mai gararamba a titi a cikin littafin Les Misérables na Victor Hugo. A zamanin, Ingila ba ta yi suna wajen girki ba. Kundin Michelin, wanda ke auna darajar gidajen abinci da taurari, ya ba su tauraro na farko a 1974, na biyu a 1977, sannan a 1982 suka zama na farko a Birtaniya da ya samu uku.

Da muka sauka ɗakin cin abincin, wanda ke ƙarƙashin ginin, sai muka ga kamar jiya muka bar shi. Fararen ƙyallaye a kan tebura, zane-zane a bango, ma'aikata na kai da komo babu hayaniya. Kasancewarmu Musulmi, tun farko muka shaida wa mai kawo abinci cewa ba ma cin naman alade, ba ma shan giya, ba ma kuma son abin da aka dafa da ita, domin girkin Faransawa ba ya rabuwa da giya a cikin romo. Bai nuna ƙosawa ba. Ya je kicin ya tambayo, ya dawo ya nuna mana abin da ya dace da mu. Shawararmu ga duk ɗan'uwan da ya samu kansa a irin wannan wuri ke nan: ka tambaya, kada kunya ta sa ka ci abin da za ka yi nadama.

Muka fara da abincin da gidan ya fi suna a kansa, wato Soufflé Suissesse. Ƙwai ne ake bugawa har ya kumbura, a gasa shi cikin kirim mai kauri da cuku. Laushinsa ya fi na audugar rimi, amma nauyinsa a ciki ba wasa ba. Bayansa muka ci kifi. Ɗanɗanon bai sauya daga yadda muka san shi ba. Kuɗin kuwa, gaskiya sai mai ƙumbar susa.

To amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba abincin ba ne. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Bahaushe. A 1991 Albert ya miƙa ragamar kicin ga ɗansa Michel Roux Jr, alhali yana da sauran ƙarfi, ya kuma rayu kusan shekara 30 yana ganin yadda ɗan ke tafiyar da gidan. Michel babba ya rasu a 2020, Albert ya bi shi a 2021, gidan bai girgiza ba. Haka nan ba su ɓoye sirrin sana'ar ga bare ba. Marco Pierre White da Gordon Ramsay da Pierre Koffmann da Marcus Wareing duk sun bi ta wannan kicin kafin su kafa nasu.

A nan ne ya kamata mu yi wa kanmu tambaya. Mahauta nawa muka sani a Kano ko Zariya ko Maraɗi da ake layi a kan balangunsu da kilishinsu, amma ranar da mai tukubar ya kwanta dama, ranar aka kashe wutar? Mata nawa ne suka tafi kabari da sirrin miyarsu? Wasu na tsoron koya wa yaro kada ya ƙwace musu ciniki, wasu kuma 'ya'yan ne ke ganin sana'ar iyaye ƙasƙanci ce.

An rufe Le Gavroche a watan Janairun 2024 bayan shekara 56. Ba karyewa ya yi ba. Mai gidan ne ya ce yana son samun lokacin iyalinsa da sauran harkokinsa. Ɗaya gidan na zuri'ar, Waterside Inn da ke ƙauyen Bray, wanda aka buɗe a 1972, ya ci gaba a hannun Alain, ɗan Michel babba, almajiransu kuma sun cika Landan.

A cikin jirgin komawa Catford, wannan ne abin da muka yi ta tattaunawa. Duk mai sana'ar hannu da ke karanta mu, ya dubi yaran da ke gabansa yau, ya zaɓi wanda zai koya wa tun yana da rai da lafiya. Allah Ya sa mu dace.