Doguwar sifika a ciki da falo: kafin ka kai kuɗinka Adum

A Moshi Zango in saurayi ya samu ɗakin kansa, ko magidanci ya tashi gyaran falo saboda Sallah ko awure, kaya uku ake fara lissafawa: talabijin, firiji, sai dogayen sifikun nan biyu da ake tsayarwa a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Biyun farko mutanenmu sun iya sayensu. Kowa ya san inci nawa yake so, kowa ya san ya tambaya ko firijin na shan wuta. Sifika kuwa da ido ake sayenta. Wadda ta fi tsawo, ta fi fitilu masu ƙyalli, aka buga mata lamba mafi girma a kwali, ita ce mai kyau. Sai an loda ta a aboboya an kawo gida, an kunna Labarina, sannan a ji gilashin taga na rawa amma ba a gane abin da 'yan wasan ke cewa.

Abin da ya kamata mutum ya fara tambayar kansa shi ne, me ake saurara a gidan nan? In ka bi gidajenmu daga asuba zuwa dare, yawancin abin da ke fita daga sifika muryar mutum ce. Karatun Alƙur'ani da safe, tafsiri a watan azumi, labarai da shirye-shiryen Zuria FM, Daɗin Kowa a Arewa24, fim ɗin Indiya da aka yi wa fassara, mai sharhin ƙwallo ranar da Kotoko ke wasa ko daren gasar Turai. Hatta kiɗanmu na gado, murya ce a gaba: Shata da kalangu a bayansa, Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa. Ko waƙoƙin Daddy Lumba da muka tashi muna ji daga gidajen maƙwabta, muryar ce ke riƙe da su. To sifikar da aka ƙera don ta girgiza ƙirji, aka yi sakaci da tsakiyar sautinta inda murya ke zaune, ba ta dace da wannan gida ba ko da ta kai rufi tsawo.

Mu da ke tsayuwa gaban allo mun san wannan. Yaron da ke bencin baya ba ihu ke sa ya fahimce ka ba, fitar haruffa ne. Kunnen mutum mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, amma abin da ke bambanta wannan harafi da wancan yana can sama da kaurin murya, galibi tsakanin 2,000 zuwa 4,000 Hz. In sifika ta shaƙe a nan, ƙara mata ƙarfi ba ya gyara komai, hayaniya kawai yake ƙarawa.

Saboda haka in za ka shago, a Adum ne ko Kejetiya, ka tafi da naka abin sauraro a waya. Mai shago zai sa maka asaka ko wata waƙa mai nauyin bes, ya murɗa har ƙarshe, don ya san kowace sifika tana burgewa a haka. Ka bar shi ya gama, sannan ka ce a rage, a sa naka. Ni karatun Shehu Husari ko Minshawi nake ba da shawara, domin kunnen ɗan makaranta ya riga ya san su. Ka saurari sinun da sadun, ka ji ko sun rabu. Ka ji gunna, tana fita sumul ko tana kumbura kamar mai magana cikin randa. Daga nan ka sa kuntigi, ka ji ko tsirkiyar na da kaifinta. Duk wannan a yi shi da ƙarfin da za ka iya saurara a ɗakinka da ƙarfe tara na dare. Sifika mai kyau ba ta rasa daɗinta don an rage ta.

Amfanin tsawon nata biyu ne. Akwatin na da faɗin ciki, don haka bes ɗinta na sauka ƙasa ba tare da an ƙara wani akwati ba. Na biyu, ƙaramin bakin nan na sama da ke fitar da siririn sauti, wanda masu gyara ke kira tuwita, yana zuwa daidai kunnen wanda ke zaune a kujera. Yawan bakuna ba shi ne inganci ba. Akwai masu arha da ake liƙa wa faifan ado wanda ba a haɗa shi da waya ba, don dai a ƙirga a ce huɗu ne ko biyar. Ka sa yatsa a hankali a gefen kowane faifai lokacin da ake kiɗa. Ka ƙwanƙwasa jikin akwatin kuma. In ya amsa kamar ganga, katakon siriri ne, zai riƙa rera tasa waƙar a kan taka. Mai kyau nauyi gare ta, in ka buga sai ka ji kamar ka bugi bango.

Sai maganar wat, inda aka fi cin kuɗin mutane. Za ka ga an rubuta 5000W ko fiye a kwali, da ƙananan haruffa PMPO a gefe. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani yadda ya ga dama yake ƙirga ta. Yi lissafin da kanka. Wutar gidajen Gana 230V ce, filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi kuma fis ɗinsa bai wuce amfiya 13 ba. In ka ninka, abin da soket ɗaya zai iya bayarwa wajen wat 3000 ne. Ta yaya akwatin da ke jone a wannan soket zai fitar da 5000? Juya bayan na'urar, ka karanta wutar da take sha. In 60W aka rubuta, abin da za ta ci gaba da fitarwa bai kai sittin ɗin ba ma. Lambar da za a iya dogara da ita ita ce wadda aka rubuta wa RMS.

Kuma wallahi ba ka buƙatar da yawa. Akwai wata lamba da ba a cika dubawa ba, wadda ke nuna ƙarar da sifika ke yi in an ba ta wat ɗaya tak, an auna daga nisan mita ɗaya. Yawancin dogayen sifiku suna tsakanin desibel 86 zuwa 92. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar a ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ke nan mai 91 rabin wutar da mai 88 ke buƙata ya ishe ta. Irin na Klipsch sun yi suna a nan. A falo irin namu wat kaɗan ya isa ya hana mutum biyu jin juna. Amfilifaya ta gaskiya mai wat 40 ko 50 a kowane ɓangare ta wadatar.

Dogayen sifikun kasuwarmu iri biyu ne, kada a ruɗe. Akwai masu amfilifaya a ciki, da Bluetooth da wurin sa kati da makirfo, jona ka kunna. Su suka fi yawa kuma suka fi sauƙin kuɗi, amma ranar da allon cikinsu ya ƙone, duka biyun sun yi shiru. Akwai kuma waɗanda sai an haɗa su da amfilifaya daban, irin Yamaha, Denon, Onkyo ko Pioneer. Waɗannan sun fi daɗewa, kuma in abu ɗaya ya lalace shi kaɗai za a canza. Sai dai a duba om. In bayan amfilifaya ya ce daga om 6 zuwa sama, kai kuma ka ɗaura mata sifika mai om 4 kana murɗawa, za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa. Abin da mutane ba su cika sani ba kuma, ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa har sautinta ya fara karcewa ta kan ƙona tuwita. Da ka ji murya ta fara tsagewa, rage.

Manyan akwatunan sipina da ake jerawa a filin awure da suna, wannan wani kaya ne daban. An yi su don su jefa sauti nesa a sarari. Wanda ya shigar da su ɗaki don ya same su da arha, ya saya wa kunnensa wahala.

Yanzu ɗakin kansa, wanda a ganina shi ne rabin sifika. Mafi yawanmu a gidan haya muke, ɗakuna jere kewaye da tsakar gida, falon kamar ƙafa 12 da 12. Ɗaki mai wannan faɗi yana da sautin da yake kumburawa da kansa, wajen 47 Hz, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ninkuwa yake. Shi ya sa sifikar da ta yi daɗi a babban shago take zuwa gida ta koma gurnani. In ramin iskarta a baya yake, aka kuma manna ta da bango ko aka cusa ta a lungu, abin ya ƙara muni. Irin wannan tana son a bar mata kamar taku ɗaya ko biyu daga bango. Wa ke da wannan fili a falon da ke ɗauke da kujeru da kabad da tabarmar baƙo? Don haka ga ƙaramin ɗaki, a nemi mai rami a gaba, mai faifai inci 5 zuwa 6 da rabi. In ta riga ta shigo gida kuma tana gurnani, a cusa soso a ramin, yana ragewa. Tazarar da ke tsakanin biyun ta yi kusan daidai da tazararka da kowace ɗaya, a ɗan karkato da su su fuskanci kujera. Tayil da bangon siminti suna mayar da sauti, kafet da labule mai kauri suna shanye shi. Sau da yawa darduma ɗaya ta fi sabuwar amfilifaya gyara murya.

Bangon nan kuma ba naka kai kaɗai ba ne. Siririn sauti bulo na tare shi, bes kuwa ratsawa yake, domin zangon sautin 50 Hz ya kusa mita bakwai, ya fi ɗakin ma tsawo. Abin da ke isa wurin maƙwabciya mai jego, ko dattijon da zai tashi sallar dare, dum-dum ne kawai babu waƙar. Ma'aunin hukumar kare muhalli ta EPA ga unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana, 48 daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Mu 'yan Zango ba mu manta 2018 ba, lokacin da ministan muhalli na wancan zamani, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, ya kawo shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya ko WhatsApp, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Mun kare lasifikar masallaci kuma muna da hujja, kiran salla 'yan mintoci ne. Wanda ya kwana yana girgiza gidan mutum ashirin da fim ɗin yaƙi ba shi da irin wannan hujjar, kuma shi ke ba masu neman magana abin faɗa a kanmu. Ga yara kuma da ke zama dab da talabijin, kunnensu daidai bakin sifika. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 don na'urorin sauraro ya tsaya a desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, 75 ga yara.

Masu sha'awar sinimar gida za su ce ina sauran, ai 5.1 ake yi. Gaskiya ne, sifika biyar da akwatin bes ɗaya. Amma a ciki da falo kujera na jingine da bango, biyun baya ba su da wurin zama sai kan kunnen mutum, wayoyinsu kuma su bi ƙarƙashin ƙafar yara. Akwatin bes ɗin ma, dogayen biyu sun riga sun yi aikinsa fiye da yadda gidan haya zai ɗauka. In kuɗi ya ragu, ta tsakiya ce ta cancanta, wadda ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, don ta nan maganar 'yan fim ke fita. A nemi ta kamfani ɗaya da dogayen, don kada muryar jarumi ta canza in ya taka daga wannan gefe zuwa wancan.

Kayan hom-yus da ke shigowa ta Tema, ko waɗanda 'yan uwa boga ke aikowa, nan ake tsintar Wharfedale ko Polk ko KEF na gaske a farashin sabuwar roba. Nan kuma ake ƙonewa. Amfilifayar da ta fito daga Amurka ko Kanada ta 120V ce. Ka jona ta kai tsaye a wutarmu, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da na'urar ke sha. Na Ingila da Jamus ba su da wannan matsala. Ita sifikar, cire ragar gabanta ka duba zoben da ya kewaye faifan. In na soso ne, tsufa da laima suna rududdugar da shi, na roba ya fi jure damina irin ta Kumasi. Ka tura faifan a hankali da yatsu a kewayen tsakiya. In ka ji yana gogar wani abu, wayar cikinsa ta taɓa ƙonewa. Ga wadda ba ta da amfilifaya a ciki, ɗan batirin tocila mai 1.5V ya isa gwaji: taɓa shi a bakin wayoyin na ɗan lokaci, manyan faifan su motsa tare. Tuwita kuwa sai ka kai kunne kusa da kowace ɗaya ana kiɗa a hankali, domin sau da yawa ɗaya ta mutu ba a sani ba. Ka duba gindin akwatin ma. Katakon garin itace ne, in ya taɓa shan ruwa yana kumbura, ba ya komawa.

Wanda ya ga dumso na 2015 ba sai an gaya masa abin da dawowar wuta ke yi wa kaya ba. A ware kuɗin sitabilaiza ko abin kariyar nan da ake sa wa firiji tun a lissafin farko, a kuma kashe soket da zarar an yi laitof. A gidajen da ruwa ke shiga tsakar gida da damina, kafinta ya yi mata ɗan dandamali mai faɗi, inci biyu ko uku daga ƙasa. Faɗin na da wani amfanin: doguwar sifika kanta na da nauyi gindinta siriri, yaro mai koyon tafiya kuma duk abin da ya samu shi yake dafawa.