Girman Fiffike Ba Ya Ceton Mai Nutso

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a Kogin Kwara ko a wata madatsa, irin abin da aka gani a Bagwai a ƙarshen 2021, kiran da ake yi ɗaya ne: gwamnati ta saya wa jami'an ceto kayan nutso na zamani, a daina barin aikin a wuyan masunta da numfashin ƙirjinsu. Kiran yana kan hanya. Ranar sayen ce abin tsoro, domin mun san halin mai ba da kwangila da mai karɓarta: idan aka jera kaya iri uku, babban za a nuna a ce shi ne mai inganci. Matasanmu da karatu ko aiki ya kai Masar da Jidda, suka fara ɗanɗana nutso a Bahar Maliya, su ma da wannan tunanin suke shiga kanti. Alhali a cikin kayan nutso akwai abu guda da girmansa kan iya zama sanadin ajalin mai shi.

Jakar iska ce da ake ɗaurawa a gadon baya, tsakanin farantin ƙarfe da tukunyar iska, masu nutso suna ce mata fiffike. Mutum ya danna maɓalli iska ta shigo daga tukunya, ya danna wani ta fita, da haka yake tsayawa cak a tsakiyar ruwa, bai nutse ba bai taso ba. Kowane fiffike da lambarsa a jiki: laba 30, laba 40, laba 60, wato kusan kilo 14, kilo 18 da kilo 27.

Wanda ya taɓa kallon masunta a Argungu ya riga ya san ma'anar lambar nan. Masunci yana kifa cikinsa a kan gora ya yi ta yawo a saman ruwa, kuma abin da ke riƙe shi yawan ruwan da goran ya ture ne. Goran da zai ci lita 14, in ka danna shi ya nutse gaba ɗaya, zai turo sama da ƙarfin kusan kilo 14. Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis. Fiffike mai laba 30 gora ne mai lita 14 idan an cika shi dam. Amma gora ƙoƙo ne mai tauri, cikinsa ɗaya ko a sama ko a ƙasa. Shi kuwa fiffike laushi gare shi: zurfi ya matse iskar da ke cikinsa, tasowa ta kumbura ta. Duk wahalar daga nan take.

Tambayar da ta fi ba ni takaici ita ce: "Ni da nake da kilo 90, ta yaya jaka mai kilo 14 za ta ɗauke ni?" To ai ba kai take ɗauka ba. Jikin ɗan Adam a cikin ruwa kusan ba shi da nauyi. In ka cika huhu ka taso, in ka fesar ka ɗan nutse. Mai ƙiba ma ya fi siriri tasowa, shi ya sa ake ƙara masa dalma, kuma kitse ba ya matsewa a zurfi, don haka dalmar da aka sa domin kitse ta biya bashinta tun daga sama har ƙasa. Ƙato da siriri suna iya nutso da fiffike iri ɗaya lafiya lau. Iyakar bambancin shi ne rigar ƙato ta fi cin roba.

Abu biyu kacal fiffike yake ramawa a ƙarƙashin ruwa, dukansu abubuwan da ke canzawa yayin nutso ne.

Na farko nauyin iskar da ke cikin tukunya. Mutane suna mamaki idan aka ce iska tana da nauyi, amma kowace lita tana da kusan giram 1.2. Tukunyar alminiyam da ake ba da haya a Hurgada da Dahab da kusan ko'ina, mai cin lita 11, idan aka ɗura ta zuwa matsin bar 200 tana ɗauke da iska fiye da lita 2,000, kimanin kilo 2.7 ke nan. Mai nutso yana sa dalmar da za ta riƙe shi a ƙarshen nutso, lokacin da tukunyar ta kusa ƙarewa ta yi sakayau. Saboda haka a farkon nutso ya fi ƙima nauyi da gwargwadon iskar da bai shaƙa ba tukuna. Fiffike ne ke tallafe wannan rarar, ana rage masa iska kaɗan-kaɗan yayin da tukunya ke yin sauƙi.

Na biyu rigar roba da ake sawa saboda sanyi. In ka yanka gefenta ka duba, soso ne cike da ƙananan kumfa. Robert Boyle ya nuna tun 1662 cewa idan matsi ya ninka, girman iska yakan koma rabi. A mita 10 matsin ya ninka na sama, a mita 30 ya zama ninki huɗu. Kumfan rigar suna tsukewa, rigar ta yi siranta, ƙarfin da take tura mutum sama da shi ya ragu, ita kuwa dalmar da aka ɗaura dominta tana nan da nauyinta. Wannan giɓin ma fiffike ne ke cike shi.

To a haɗa lissafi. Ga yaro a Dahab da zafi, riga mai kaurin milimita 3, tukunyar alminiyam guda. Iska kilo 2.7. Rigar, ko da a ce ta rasa ƙarfinta kaf, ba za ta wuce kilo 3 ba. Duka bai kai kilo 6 ba. Fiffike mai laba 30 ya ninka buƙatarsa, mai laba 20 ma ya ishe shi. Ga wani kuma a ruwan sanyi na Ingila, riga milimita 7, tukunyar ƙarfe mai lita 12 da matsin bar 232. Iskarsa ta haura kilo 3. Mu ɗauka rigarsa tana tura kilo 9 a sama, ta rasa fiye da rabi a mita 30. Buƙatarsa tana wajen kilo 9 zuwa 10, sai a ba shi laba 30 zuwa 40. Mai tagwayen tukwane irin waɗannan yana ɗauke da iska kusan kilo 6 da rabi, shi ne ake fara yi wa maganar laba 40 zuwa 60, kuma fiffikensa ma ɗinkinsa daban ne, mai faɗi, don ya leƙo ta gefen tukwanen biyu.

Akwai awo na biyu da ake yawan mantawa. Wani lokaci dole mutum ya cire kayan a saman ruwa kafin ya hau ƙaramin kwalekwale. Kayan su kaɗai, da cikakkiyar tukunya da faranti da na'urar shaƙa da duk dalmar da aka maƙala musu, dole fiffike ya iya riƙe su kada su tafi ƙasa. Farantin ƙarfe kaɗai ya kusa kilo 3. A auna wannan, a auna na farko, wanda ya fi yawa shi ne ma'auni, a ɗora 'yar rara don kai ya fita sosai idan akwai igiyar ruwa. Shi ke nan.

Wani zai ce to mene ne laifin rara mai yawa, ai ba dole ne a cika shi ba. Ka ɗaura fiffike mai laba 60 a tukunya guda ka shiga ruwa ka gani. Gefunansa biyu, da yake ba abin da ya tokare su, sai su naɗe sama su rungume tukunyar. Iska ta tattaru a can ƙololuwa, nesa da bawul ɗin fitarwa. Mutum ya ja igiya, ya ɗaga tiyo, ya karkata hagu ya karkata dama, iskar ta ƙi fita. Yana wannan kokawa yana tasowa, yana tasowa iskar tana kumbura, tana kumbura yana ƙara gudu. Ga kuma yadin da ke lilo yana jan ruwa, yana gajiyar da ƙafa, yana cinye iskar tukunya a banza. Idan kuwa maɓallin ɗura iska ya maƙale, abin da gishiri da yashi kan jawo in ba a wanke kaya, to bambancin lita 14 da lita 27 shi ne bambancin wanda zai iya kokawa ya cire tiyo da wanda zai fito sama kamar an harbo shi. Ƙa'idar tasowa ba ta wuce mita 9 zuwa 10 a minti guda ba a mafi yawan tsare-tsare. Wanda ya keta ta da gudu yana fuskantar yagewar huhu, ko kumfan iska a jini da gaɓoɓi. Maganin wannan ɗaki ne na musamman mai matsin iska, kuma wanda abin ya same shi a Tiga ko Kainji tafiya ce mai nisa a gabansa.

A ganina, yawancin masu neman babban fiffike ciwonsu dalma ce. Sabon shiga yana tsoron kada ya kasa nutsewa, malamin da ke sauri ya ƙara masa kilo 4 don a wuce wurin. Kowane kilo na banza yana buƙatar lita guda ta iska a fiffike. Lita 4 a mita 10 za su zama lita 8 a sama. Daga mita 30 zuwa 20 iska da sulusi kawai take ƙaruwa, amma a mita goman ƙarshe ninkawa take yi, wato daidai inda ake son mutum ya tsaya minti 3 a mita 5, nan ne rarar dalma ta fi wahalar da shi. Gwajin ba shi da wuya: a ƙarshen nutso, saura bar 50 a tukunya, fiffike babu iska ko kaɗan, in ka iya tsayawa a mita 5 da numfashinka kawai, dalmarka ta yi daidai. Kuma a tuna ruwan daɗi bai kai na teku ɗaukar mutum ba. Bambancin kusan kashi 2.5 cikin ɗari ne, na Bahar Maliya ma ya ɗara saboda gishirinta. Wanda shi da kayansa suka kai kilo 100, ya daidaita dalmarsa a Jidda, in ya shiga madatsa da ita yana ɗauke da rarar kusan kilo 3.

Lokacin da Jacques Cousteau ya kafa ƙauyensa na ƙarƙashin teku a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, a 1963, babu fiffike a duniya. Da dalma daidai da huhu shi da mutanensa suka yi aikinsu. Faranti da fiffike irin na yau masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa na Fulorida ne suka yaɗa su daga ƙarshen shekarun 1970, kuma daga wajensu aka gaji sharaɗin da ya fi kowace lamba muhimmanci: idan fiffike ya fashe a zurfi, ko dai ka iya tasowa da ƙarfin ƙafarka, ko kana da dalmar da za ka yar ka taso. In ba ɗaya daga biyun, kayanka ba su daidaita ba, ko fiffiken laba nawa ne.

Masu ceto kuma su ji wannan da kyau. Fiffike ba rigar ceto ba ne. Iskarsa a baya take, in an cika shi dam a saman ruwa yana iya kifa wanda ya suma a kan fuskarsa. Ba kuma abin ɗaga kaya ba ne. Wanda ya rungumi injin jirgi ko buhun kaya a ƙasa ya cika fiffike don ya taso da shi, da zarar kayan ya suɓuce shi kaɗai zai tafi sama da duk wannan ƙarfin. Akwai jakar ɗaga kaya daban, mai igiyarta da bawul ɗinta.

Don haka duk hukumar da ta tashi sayen kayan nutso, kafin a rubuta lamba a takardar kwangila, a tambayi wanda zai shiga ruwan wace tukunya zai goya, wace riga zai sa, zurfin nawa zai kai. Ga tukunya guda a ruwanmu mai ɗumi, laba 30 ya isa har da rara. Kuɗin da ya ragu a kashe shi wajen horo.