Ƙiba Da Rama Ga Mai Jiran Dashen Ƙoda

A shekarar 1954 ne wani likita mai suna Joseph Murray ya fara cin nasarar dasa ƙodar mutum a jikin wani, a birnin Boston na Amurka, tsakanin waɗansu tagwaye. A 2002 kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa dashen na farko. To, amma ko an sami mai ba da ƙoda, sai likita ya duba jikin majinyaci tukuna, nauyinsa kuwa yana cikin abin da za a auna.

Mu a nan mukan ɗauki ƙiba alamar jin daɗi ce, amma ga likitan fiɗa wahala ce. A mara a ke dasa sabuwar ƙoda. In kitse ya yi yawa a wurin, aikin yakan yi wuya, miki ya daɗe bai warke ba, ƙodar kuma ta yi jinkirin kama aiki. Bayan haka magungunan da za a riƙa sha don kada jiki ya ƙi ta suna iya jawo ciwon sukari, balle ga mai teɓa.

Ga lissafin da likitoci su ke yi, akawuna da malamai su gwada. A raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, a sāke raba amsar da tsawon. Mai kilo 87 da tsawon mita 1.70 zai sami 30, nan ne ƙiba ta fara. Asibitoci da yawa sukan dakatad da aiki in lissafin ya wuce 35 ko 40.

Sai dai nauyin da sikeli ya nuna iri biyu ne. Kilo biyun da mai wankin ƙoda ya ƙara daga Litinin zuwa Laraba ruwa ne, maganinsa rage gishiri da kanwa, da tsayawa kan ruwan da aka ƙayyade masa. Kitse kuwa sai a hankali. Wanda ya yi wa kansa horon yunwa tsokarsa za ta zube, ramammen majinyaci kuma ba ya jure wuƙa. Wankin ƙoda yana ɗebe abinci mai gina jiki, saboda haka a bar masa ƙwai da kifi da nama marar kitse, a rage tuwo da mai da sukari, ya riƙa tattaki gwargwadon ƙarfinsa. Kada a cika shi da ayaba da dabino da sunan rage ƙiba, gama fotasiyam ɗin da ke cikinsu in ya taru a jini yana iya tsai da zuciya. Jiƙe-jiƙen rage teɓa kuwa a nisance su.

Muna roƙon masu karatu su bayyana wa 'yan'uwansu wannan, su kuma raka su wurin likita ya faɗi kilo nawa za a rage, cikin wata nawa. Sannu ba ta hana zuwa.